Aikin saka kyamara a mota: inda waya take bi

Kyamarar da ake maƙalawa a gilashin gaban mota ba ta da wuyar sakawa. Yaron da ya yi wata guda a shagona zai iya manna ta bayan madubin tsakiya, inda waifa ke sharewa, ba tare da ta tare wa direba hanya ba. Abin da muke karɓar kuɗi a kansa shi ne wayar wutarta, wadda sai ta taso daga saman gilashi ta gangaro har ƙarƙashin dashbod.

Mai mota abu ɗaya yake dubawa idan ya zo ɗauka: ana ganin waya ko ba a gani. In ba ya ganinta, aiki ya yi kyau. Ni kuma inda hankalina yake shi ne ginshiƙin nan da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofa. Yawancin motocin yanzu suna da jakar iska a naɗe a cikin silin, sama da ƙofofi, a wasu motocin har ta sauko cikin ginshiƙin. Za ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a jikin murfin robar da ya rufe ginshiƙin. Idan aka yi karo ta gefe, jakar tana ture murfin ta sauko ta rufe taga kafin mutum ya ƙifta ido. To, mai gaggawa abin da yake yi shi ne ya cusa waya da yatsa a bakin murfin, ta ratsa ta gaban jakar. Daga waje tsaf, ba abin da ya nuna. Ranar hatsari kuwa, wayar tana iya hana jakar buɗewa yadda ya kamata, ko jakar ta fizgo ta ta watso wa mutum a fuska.

Saboda haka a wurinmu sai an cire murfin ginshiƙin an ga jakar da ido. Waya ta bayanta take bi, ta jingina da ƙarfe, a ɗaure ta tare da wayoyin mota na asali. Amma duk waya ko soket mai launin rawaya, ba a taɓawa, ba a ɗaura komai a jikinsa, domin launin da kamfanoni ke ware wa tsarin jakar iska ke nan. Kafin hannu ya shiga wurin ma, muna cire kan batir na nagetif mu dakata. Littattafan gyaran Toyota sun ce a jira aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanonin sun fi haka, don akwai sauran wuta da na'urar ke riƙewa bayan an cire batir. Murfin kuma da abin ɓamɓara na roba ake ɗaga shi, sukundireba yana karce jikin murfin ya karya kilif. Akwai kilif na musamman da ke riƙe murfin kada ya tashi sama lokacin da jakar ta fashe. In ya lalace sabo ake sawa, ba gam ba.

Sai maganar inda za a ɗebo wuta. Wanda bai damu da kyamara ta yi aiki bayan an kashe mota ba, soket ɗin caja mai bolt 12 ya ishe shi. Mai son ta ci gaba da gadi a wurin fakin sai an haɗa ta da akwatin fis. Kayan haɗin yawanci waya uku ne: ɗaya ga fis mai wuta kullum, ɗaya ga wanda sai an murɗa makulli, baƙar kuma a ɗaura ta a kan noti mai taɓa tsurar ƙarfen bodi, ba inda fenti ya rufe ba. Da mitar gwada wuta muke gane kowane fis, ba da ka ba. Fis ɗin birkin ABS, na jakar iska da na kwamfutar inji ba namu ba ne. Kuma na tsani in ga an nannaɗe zaren waya a ƙafar fis an danna, alhali akwai ɗan abin da aka ƙera don wannan aikin, mai ba kyamara nata fis ɗin daban. A ƙarshe a saita kayan haɗin su yanke wuta idan batir ya sauka wajen bolt 12, in ba haka ba da safe mota ba za ta tashi ba, kuma mu za a fara kira.

Rarar waya ita ma tana da wurinta. A naɗe ta a ɗaure nesa da birki, totur da sandar sitiyari. Na sha karɓar mota daga wani hannu in tarar da curin waya yana lilo daidai saman ƙafar direba.

Kyamarar baya ta fi cin lokaci a motar da gilashinta ke ɗaguwa tare da ƙofar but. Nan dole wayar ta shiga cikin robar nan mai lanƙwasa da wayoyin mota ke bi, a bar mata ɗan sassauci, don idan aka bar ta a waje buɗewa da rufewa za su cinye ta, ruwa kuma ya samu hanya. Shi ya sa idan mai irin wannan motar ya ce zai tsaya ya jira, nakan ce ya je ya yi uzurinsa, za mu kira shi in an gama.