Harsashi ɗaya nake ɗurawa wa barewa da aladen daji da beyar

A jihar Jojiya ta Amurka nake farauta, kuma a dazukan duwatsun arewacinta mutum kan fita neman barewa ya yi kiciɓis da aladen daji ko baƙin beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata. Wannan ne ya sa na tsaya a kan bindiga ɗaya, .30-06 (.30 ɗin girman bakinta ne), wadda sojan Amurka suka fara amfani da harsashinta a 1906. Abokan farautata masu bindigogi .308 da .270 ba su gaza ni da komai ba. Musun girman baki da ake ta yi a shagon bindiga bai dame ni ba, ƙirar kan harsashin nake dubawa.

Barewa ba ta da wuya. Fatarta sirara ce, harsashi mai taushin kai mai nauyin giren 150, kusan giram 10 ke nan, yana shiga ya buɗe a huhu, ba ta nisa. Dokar jihar ma ta wajabta harsashi mai buɗewa ga barewa da beyar.

Alade ne ya sa na ƙara nauyin harsashi. Wani manomin gyaɗa ya kira mu saboda ɓarnar da aladu suke masa da dare, suna tone kunya kamar an bi da garma. Da muka kayar da wani tsohon namiji, manomin ya tsaga kafaɗarsa da wuƙa ya nuna mini wani tauri a ƙarƙashin fata, fari fat, kaurinsa ya kai yatsu biyu, ga busasshen taɓo a kan gashin. Harsashi mai saurin tarwatsewa a nan yake ƙarewa, dabba ta tafi da rauni ta kwana tana wahala, kuma wannan ba na yarda da shi ko a kan abin da ba na ci. Zuciyar alade da huhunsa kuma sun fi na barewa matsowa gaba da ƙasa, don haka dab da ƙafar gaba nake saiti.

Matsalar beyar daban ce. Da kaka yana tara kitse, kitsen da dogon gashin sukan toshe ramin harsashi, jini ya ƙi zuba, sawu ya ɓace a duhuwa. Ana son harsashin da zai shiga ya fita ta ɗaya gefen.

Yanzu wani harsashi da ake kira Nosler Partition mai giren 180 nake ɗurawa. Ƙirar tun 1948 take: an raba dalmar ciki gida biyu, gaban ya buɗe, bayan ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da kutsawa. A kan barewa ya fi ƙarfin buƙata, amma bai cika lalata nama ba idan an sa shi bayan kafaɗa, ni kuwa naman nake so. Ina bismilla kafin in ja kunama, in na iske ta da sauran rai in yanka. Mai zuwa jihar Kalifoniya sai ya nemi harsashin tagulla zalla irin na kamfanin Barnes, don tun 2019 an hana farauta da dalma a can.

Duk lokacin da na sauya harsashi, ko da kamfanin bai canza ba, sai na koma filin gwaji na harba a takarda daga yadi 100 na gyara saiti, domin mai giren 150 da mai 180 ba wuri ɗaya suke sauka ba.