Hokin Ƙarfe Goma Sha Ɗaya na Dare a Montreal

Ɗana ne ya jefa ni cikin wannan harka. Muna shekara ta uku a Montreal, a lardin Kebek na Kanada, ya dawo daga makaranta ya ce, "Baba, kowa a ajinmu yana hoki, ni kaɗai ne ban iya ba." Ni kuwa mutumin Damagaram ne, ƙanƙarar da na sani ita ce ta leda da muke saye da azumi. Na ce masa to, mu koya tare. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, da girmanka?" Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin.

Mun fara a filin unguwa, irin wanda ake kewayewa da katako a yi ta kwarara masa ruwa har ya daskare. Takalmin wasan wuƙar ƙarfe ce a ƙasansa, a kanta mutum zai tsaya, ya yi gudu, yana kuma kora ɗan faifan baƙar roba da gora. Ban yi taku uku ba na ji ni a ƙasa. Na tashi, na koma. Wani dattijo, tsohon direban bas, ya gaji da kallona ya matso. Ya ce matsalata na miƙe ƙyam kamar soja a fareti, in lanƙwasa gwiwa kamar mai shirin zama a kujera, in kuma faɗuwa ta zo in bi ta gaba, kada in ba ta ƙeya. Hunturu guda na yi ina zargin ƙafafuna kafin ya duba takalmina ya fashe da dariya: ban taɓa kai su wasawa ba. Ban ma san ana wasa su ba.

A hunturu na biyu ya shigar da ni ƙungiyarsu. 'Yan Kebek suna kiran irin wannan gasa "ligue de garage", wato gasar gareji: makanikai, malaman makaranta, akawu, kowa ya biya kuɗinsa a haɗa a yi hayar fili. Sunan ya ba ni dariya ranar da dattijon ya kai ni tsakanin titin Drummond da titin Stanley ya nuna mini wani garejin ajiye motoci. Ya ce a nan filin Victoria yake a da, inda aka yi wasan hoki na farko mai tsari a cikin rufaffen gini, ranar 3 ga Maris 1875. James Creighton, mutumin Halifax, shi ya shirya shi, mutum tara a kowane ɓangare, da yawansu ɗaliban jami'ar McGill. Don kada ƙwallo ta yi tsalle ta fasa wa 'yan kallo fuska, sai suka yi amfani da guntun katako mai faɗi, kakan faifan robar yau. Na tsaya ina kallon motoci suna shiga da fita, babu abin da zai nuna wa mai wucewa cewa nan ne mafari.

Waɗancan na farko 'ya'yan masu hali ne masu jin Ingilishi, kuma a wurinsu karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne. Kofin da gwamnan Kanada, Lord Stanley, ya bayar, don masu yi saboda sha'awa aka yi shi, kuma ƙungiyar Montreal Hockey Club ce ta fara ɗaukarsa a 1893. Amma inda jama'a ke biyan kuɗin shiga, ɗan wasa ba zai daɗe yana yi a banza ba. Kafin a yi shekara ashirin kofin ya koma hannun masu cin abinci da wasan, har sai da wani attajirin garin, Sir Montagu Allan, ya ba da wani kofin daban don masu sha'awa. A Disamba 1909 aka kafa ƙungiyar Canadiens ta Montreal don a jawo masu jin Faransanci, kuma wanda ya zuba kuɗin, Ambrose O'Brien, ɗan Ontario ne mai jin Ingilishi. Ita kanta NHL, babbar gasar masu cin abinci da hoki, a otal ɗin Windsor na Montreal aka haife ta, a Nuwamba 1917.

Labarin da ya fi burge ni na Jean Béliveau ne. Yana wasa a ƙungiyar Aces ta birnin Kebek, a gasar da sunanta ta masu sha'awa ce, alhali ana biyansa abin da ya ishe shi, don haka ya ƙi zuwa Montreal. Da lallashi ya ƙi ci, sai masu Canadiens suka saye gasar ɗungurungum a 1953 suka mai da ita ta ƙwararru, dole ya zo, tun da su ke da haƙƙin ɗaukarsa in ya zama ƙwararre. Na ce wa abokan wasana ashe mu ne masu sha'awar gaske, tun da mu muke biya. Wani ya ce ai ko kyauta aka ba da ni babu mai ɗauka.

Wasana na farko na ci zagi. Na shiga da tunanin ƙwallon ƙafa, inda mutum ke zama a fili har a tashi. A hoki kuwa minti ɗaya ya yi yawa: ka shiga da gudu, ka zuba duk ƙarfinka, ka fito wani ya shiga, wasa bai tsaya ba. Ni ina can ina haki, 'yan benci suna dukan katako da gora suna kiran in fito, na ɗauka kirari suke mini. Sai kuma ciwon da har yanzu ban rabu da shi ba, kallon faifai. Wanda ya sunkuyar da kai yana kallon gorarsa ba ya ganin abokin da zai miƙa wa, ba ya ganin ƙaton da ke tahowa. A gasarmu an hana bangaza, amma ƙanƙara ba ta san doka ba.

Kaya duk na hannu na saya, ban da hular kwano, kuma shawarar da nake ba kowa ke nan. Kuskurena shi ne na ƙi sa ragar ƙarfe a fuska don na ga wasu ba sa sawa. Faifai ya tashi daga gorar wani ya fasa mini leɓe, ɗinki huɗu. Ina riƙe da tawul a baki dattijon yana ba ni labarin Jacques Plante, mai tsaron gidan Canadiens, wanda aka fasa wa fuska a New York ranar 1 ga Nuwamba 1959, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska, ko da kocinsa bai so ba. Washegari na sayi raga.

Lokacinmu ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, don sa'o'i masu kyau na yara ne. Ina isa gida ƙarfe ɗaya, ga asuba, ga aiki. Bayan wasa su kan buɗe giya a ɗakin sauya kaya, ni in buɗe filas ɗin shayi, yanzu har mutum biyu sun koma neman nawa. A wannan ɗakin na ji Faransancin da ba a koya mana a lakwal ba, a nan kuma na gane abin da sunan Maurice Richard, gwarzon ɗan wasan Canadiens mai jin Faransanci, yake nufi. Dattijon yana jariri aka yi abin, amma yana ba da shi kamar da idonsa ya gani: shugaban gasa Clarence Campbell ya dakatar da Richard har ƙarshen kaka saboda ya naushi alƙalin layi, sannan ya zo kallon wasa a Forum, filin Canadiens na lokacin, ranar 17 ga Maris 1955, gari ya kama da tarzoma a titin Sainte-Catherine. A wurin mahaifinsa, in ji shi, ba ɗan wasa aka hukunta ba, duk mai jin Faransanci da ke aiki a ƙarƙashin shugaba Bature mai Ingilishi aka mara. Sau 24 Canadiens ta ci kofin Stanley, na ƙarshe a 1993, kuma kada ka tambaye shi dalilin da ba ta ƙara ci ba in kana sauri.

Ni kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyarmu. Da na karanta cewa Willie O'Ree, baƙar fata na farko a NHL, a Forum ya fara wasa da rigar Boston ranar 18 ga Janairu 1958, sai na ɗauki yaron muka je. An bar wasa a ginin tun 1996, ya zama gidan sinima da shaguna, an dai bar wasu tsofaffin kujeru. Muka zauna ina masa bayani, shi hankalinsa na kan gugguru.

Ƙwallo ɗaya na ci a kaka uku, ita ma a ƙwauri ta buge ni ta shige raga. Suka ɗauko faifan, suka naɗe shi da farin tef, suka rubuta kwanan wata. Yana kan talabijin a falo, uwargida tana ɗora kofin shayinta a kai.