Ranar da na hana Sarki Alu tafiya Sakkwato

Bara na zauna zan rubuta gajeren labari a kan tambaya ɗaya: da Sarkin Kano Alu yana gida ranar 3 ga Fabrairu 1903, ranar da Turawan Ingila suka ci Kano, da me ya faru? A tarihi dai yana Sakkwato wajen mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru lokacin da Kanar Morland ya taso daga Zariya, ya ci Bebeji, ya iso bakin ganuwa. Ni kuwa na ɗauki alƙalami na hana shi tafiya. Na tsayar da shi a Ƙofar Kabuga da dawaki da lifidi, Nasara suka juya da gudu. Kwana biyu kacal na gama, ina ta jin daɗin kaina.

Na kai wa kawuna, tsohon malamin makaranta. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, ka canza inda Sarki yake. To igwar fa, ita ma ka canza ta?"

Tambayar nan ita ta mayar da ni karatu. Sojojin Morland ba su kai dubu ɗaya ba, da yawansu ma Hausawa ne, amma suna da igwa da bindiga mai aman harsashi ba tsayawa. Mako shida bai kai tsakanin faɗuwar Kano da ta Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris ba, kuma can Sarkin Musulmi yana nan da kansa. Kasancewarsa ba ta hana komai ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne basasa. Shekara goma kafin zuwan Turawa, a 1893, Tukurawa (magoya bayan Sarki Tukur) da Yusufawa (ɓangaren su Alu) suka gwabza a kan sarautar Kano, kuma da takobi Alu ya shiga gidan Rumfa. Ciwon nan bai warke ba a 1903. A rubutuna na farko na sa Kanawa duka sun tashi tsintsiya maɗaurinki ɗaya, alhali akwai gidajen da ba su gama makokin basasa ba. Wannan ƙarya ta fi ta hana Sarki tafiya girma, don ita ban san na yi ta ba.

Sai na sake rubutawa. Alu yana gida, an yi yaƙi mai zafi, birni ya faɗi duk da haka. Abin da ya canza ƙanana ne, amma su suka fi daɗin bi: Waziri Ahmadu bai je Kwatarkwashi ya yi shahada ba, Wambai Abbas bai dawo da jama'a ya samu sarauta yadda ya samu ba. To wa Gwamna Lugga zai naɗa? Nan labarin ya sami rai.

Na kuma daina sa wa sarakunan magana a baki, don jikokinsu suna nan cikin birni, kunya ta kama ni. Na ƙirƙiro wani marini a Ƙofar Mata, ta idonsa ake ganin komai. Shi ba abin da ya dame shi da farko sai shunin da ya zuba a karofi, da fataken da suka ba shi turkuɗi ba su dawo karɓa ba.

Kawu ya karanta na biyun, ya ce marinin ya yi yawan surutu.