Shekarata ta biyu da inabin Gewürztraminer

'Yan uwa masu koyon noman inabi, ga inda aka kwana.

Layi biyu ne kacal a hannuna, kuringa 40, a gefen gonar wasu iyali da ke wani ƙauye kusa da Kolmar, a yankin Alzas na gabashin Faransa. Kaka da kakanni suke noman nan. Tsohon gidan, wanda nake kira Baba, shi ya ware mini layukan bayan na yi musu ƙwadagon tsinka. Su giya suke yi da inabinsu. Ni ba na sha, tun ranar farko na faɗa musu, aka shirya a kan cewa abin da layukana suka bayar zan matse shi in dafa ya zama ruwan inabi zalla, marar barasa.

Fabrairu. Aski.
Inabi yana fitowa ne a kan tohon da ya fito daga reshen bara. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta datsa a banza. A nan ana barin reshe biyu a kowace kuringa, a lanƙwasa su kamar baka, a ɗaure a waya, sauran duk a sare. Na bar ido 8 zuwa 10 a kowane reshe. Rassa uku na karya wajen lanƙwasawa, sai Baba ya ce in jira ranar da aka kwana da yayyafi, itacen ya fi laushi. Haka kuwa aka yi. In ka duba gindin kowace kuringa za ka ga wani kumburi, wurin aure ke nan, irin na mangwaronmu. Saiwar ta inabin Amurka ce, domin ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin Turai a ƙarni na 19 ba ya iya kashe ta.

Afrilu zuwa Yuni.
Wannan iri yana saurin toho, shi ya sa sanyin Afrilu ke tsorata masu shi. Har yanzu suna zancen daskarar 2021 da ta ƙone toho a gonakin Faransa da dama. Bana mun tsira. Lokacin fure ne aka yi mako guda na sanyi da ruwa, fure ya zube, nonnan suka fito da giɓi. Halinsa ne, ba ya yawan 'ya'ya. Sau huɗu muka yi feshin jan ƙarfe saboda fumfuna.

Satumba. Nan ne darasin.
Bara na yi gaggawa. Ɓawon wannan inabi ba kore ba ne, yana juyewa ruwan hoda mai ɗan ja in ya fara nuna, ko da yake farar giya ake yi da shi. Da na ga launi ya juya sai na sa almakashi. Ruwan ya yi zaƙi, amma ƙanshin da ake yabon irin da shi babu. Ya yi mini ciwo, aikin shekara guda.

Bana Baba ya bi layin tare da ni. Ya tsinki ƙwaya ɗaya, ya matse ruwan ya zubar, ya miƙo mini ɓawon kaɗai ya ce in tauna har in ƙirga 20. Da farko ɗaci da bauri. Bayan kwana 9 na sake taunawa, sai ga furen wardi ya cika mini hanci, da wani abu mai kama da ɗanyar citta a ƙarshen harshe. Turawa suna kamanta shi da lici, wani ɗan itace na Asiya. Ƙanshin a ɓawo yake zaune, kuma yana zuwa ne a bayan launi. Kalmar Gewürz a Jamusanci tana nufin kayan yaji, Traminer kuma daga Tramin, wani ƙauye a arewacin Italiya.

Ku duba ƙwallon ciki ma: in kore ne a dakata, in ya yi ruwan ƙasa yana ƙaras a haƙori, lokaci ya yi. Sai dai ƙofar ƙarama ce. Irin nan ba shi da tsami sosai, kuma kowace rana da ka ƙara sukari na hawa, ɗan tsamin na sauka. In ka wuce, ruwan zai yi nauyi a baki kamar an dama zuma. Na'urar auna zaƙi ta nuna mini kashi 23 cikin 100 ranar da na tsinka, amma harshe ne ya yanke hukunci.

Matsa.
Da asuba na tsinka, inabin na da sanyi. Na murƙushe shi, na bar ruwan da ɓawon tare cikin firji na awa 10 kafin in matse. A rumbun su Baba na ga wannan dabara, wasu lokuta haka suke yi kafin su zuba a tanki. Daga nan hanyarmu ta rabu: su suna barin yis ya cinye sukari, giyar ta fito ruwan zinariya, barasarta takan kai kashi 13 ko 14, su ɗura a dogayen kwalaben Alzas da sunan inabin a jiki. Ni kuwa na tace, na ɗora a wuta zuwa maki 78 a ma'aunin Celsius na minti 20, na rufe da zafinsa. Kada ku bari ya tafasa, ƙanshin zai bi tururi. Lita 31 na samu.

Na so in kai wannan iri gida Damagaram, amma ba zan ba ku shawarar haka ba. Kolmar tana cikin garuruwa mafiya ƙarancin ruwan sama a Faransa, domin tsaunukan Vosges suna tare mata hadari, amma darenta na kaka da sanyi, kuma sanyin ne ke riƙe tsami da ƙanshi. Zafinmu zai nunar da shi kafin ɓawon ya yi komai.

Baba ya ce a Nuwamba zai nuna mini yadda ake tara ƙasa a gindin ƙananan kuringa don a rufe wurin auren kafin hunturu.