Faifan kare da ya kusa raba ni da aikina

Wata na biyu ke nan da fara aikin kula da tsofaffi a Landan sai aka haɗa ni da wani dattijo a unguwar Brixton, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Bakwai na safe nake shiga, bakwai na dare nake fita, saboda haka azahar da la'asar, har da magariba a lokacin sanyi, duk a gidansa suke riskata. Ɗakin da ya fi tsabta shi ne wanda yake tara faifan garmaho, nan nake shimfiɗa darduma. Sai dai daidai saitin alƙibla akwai wani bangon faifai da aka buɗe aka jingina a kan kanta. Mutum ne kwance, jan gashi, fuska ta sha kwalliya, amma daga ƙugu zuwa ƙasa kare ne.

Ga hoto, ga kare, a gaban mai salla! Ban yi shawara da kowa ba na naɗe shi a leda na cusa saman durowa, na kuma manta.

Ranar Lahadi 'yarsa ta zo ta ga babu. Litinin da safe shugabar aikinmu ta kira ni, murya a sanyaye, wai ko na lura da wani abu da ya ɓace a gidan. Ba ta ce ɓarawo ba. Da ma ta faɗa, da na san abin da zan mayar mata. Ni da na shekara shida ina riƙe da makullin shagon kawuna a Kantin Kwari, ko ƙyalle bai taɓa yin ƙafa ba, yau ni ake wa tambayar kwali mai hoton kare. Na hau kujera a gabansu na sauko da shi, hannuna na rawa, ina ta bayanin salla da Turancin da ya gudu ya bar ni.

Dattijon ne ya fashe da dariya har da tari. Washegari ya sa na ɗora faifan, ya zaunar da ni kamar ɗalibi. Sunansa Diamond Dogs, na David Bowie, ya fito a 1974, kuma shi dattijon a shekarar ya saye shi da kuɗin aikinsa na farko. Ashe mawaƙin ɗan unguwar ne, a Brixton aka haife shi a 1947, kuma zanen mutumin nan mai tsagar walƙiya a fuska da nake wucewa kullum daura da tashar jirgin ƙasa, wanda ake ajiye wa furanni, shi ne. Ya rasu a 2016. Wai so ya yi ya mayar da littafin George Orwell mai suna 1984 wasan kwaikwayo na waƙa, matar marigayi Orwell ta hana, sai ya ƙirƙiri nasa garin da ya ruguje, ya sa masa suna Hunger City, wato Birnin Yunwa, inda gungun samari marasa mafaɗi suka mamaye saman benaye suna abin da suka ga dama.

Gaskiya kiɗan bai shige ni ba. Jitar kamar ana karta kwano. Ni da na tashi da Shata a rediyon Baba, ina zan kai wannan? Amma sunan garin ya tsaya mini a wuya. Su nan sai da wani ya zauna ya ƙago shi, ya sa janbaki ya rera, aka saya ana tafi.

Daren nan na kira Hajiya. Ta ce an ƙwace wa ƙanwata waya a adaidaita sahu, da wuƙa, tun kafin isha'i, yaran ma ba su kai autanmu ba. Shi kuwa autan ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan, yana zaune a majalisar bakin layi daga hantsi har dare. Kullum saƙonsa ɗaya ne: "Yaya, ka nemo mini hanya." Kwanon shinkafa kuma ta ce kada ma in tambaya.

"Kana dai lafiya ko? Suna mutunta ka?"

Na ce ƙwarai, Hajiya. A saninta a asibiti nake aiki, haka take faɗa wa maƙwabta, ban kuma taɓa gyara mata ba.

Yanzu idan lokaci ya yi, dattijon da kansa yake cewa in juya karen ya kalli bango. 'Yarsa dai har yau ba ta ba ni haƙuri ba, sai murmushin nan nasu na leɓe. Albashin wannan watan na cire na haya, na tura na waya, sauran na ce Hajiya ta riƙe a hannunta, kada ta bari autan ya san nawa ne.