Saƙon godiya bayan kare kundin digirin digirgir

Alhamdulillahi. Jiya na kare kundina na digirin digirgir a fannin nazarin yawan jama'a, kuma kwamitin jarrabawa ya amince da aikin, sai 'yan gyare-gyare da aka ce in yi kafin a ɗaure shi. Saƙonni da kiran waya sun yi yawa, ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Farfesan da ya duba aikina, ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Kai ka hana ni taɓa lissafi sai na titsiye bayanan da ke hannuna: wa ya tattara su, yaya aka yi tambayar, wa aka tsallake? A wurinka na koyi ma'aunin Whipple, wanda ake duba shekarun mutane daga 23 zuwa 62 a ga nawa ne suka ƙare da sifili ko biyar. In ya ba da 100, babu karkata. In ya kai 500, kowa ya ce 30 ne ko 45 ko makamancinsu. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba zai ce maka arba'in kawai, kai kuma in ka ɗauka a haka ka ɗora jadawalin rayuwa, wato lissafin tsawon rai da mace-mace bisa shekaru, a kai, ka yi gini a kan rairayi. Jan bironka ya sha hana ni barci, amma jiya na ga ranarsa.

Godiyata mafi girma kuwa ta iyaye mata ce, waɗanda ba za su taɓa karanta wannan ba. A inda ba a rajistar haihuwa da mutuwa yadda ya kamata, hanyar da masanin yawan jama'a William Brass ya ɓullo da ita a shekarun 1960 ake bi: a tambayi mata 'yan shekara 15 zuwa 49 'ya'ya nawa suka haifa da rai, nawa ke raye, daga nan a ƙiyasta mace-macen yara. A aji, layi biyu ne a allo. A gaban uwa kuwa ba haka ba ne. Wata baiwar Allah ta ƙirga da yatsunta, ta ba mu adadi, har mun wuce zuwa tambaya ta gaba, sai ta tsayar da mu ta ce a ƙara ɗaya, akwai wanda bai kwana biyu a duniya ba. Littattafanmu sun ce irin waɗannan jarirai ne aka fi tsallakewa a lissafi. Ita dai ba ta yarda a tsallake nata ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya raya na raye.

Masu taimaka mini tattara bayanai, da abokan karatun da suka zaunar da ni a gaban kwamfuta har na iya manhajojin ƙididdiga na R da Stata, na gode ƙwarai. Haka ma malamin da ya zo daga wata jami'a ya yi mini tambayoyi kan ƙaura har gumi ya keto mini. Gaskiyarsa ne, a cikin haihuwa da mutuwa da ƙaura, ƙaura ce ta fi wuyar aunawa.

Umma, ke da kike cewa wai ƙidayar mutane ce har yanzu ba a gama ba, to an gama tawa, kodayake mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun watan Nuwamban 2022. Addu'arki ce. Uwargida da yara, kun yi haƙurin zama da mutumin da yake gida amma hankalinsa na kan alƙaluma, Allah ya bar zumunci.

Ƙannen da suka tambaye ni yadda ake shiga fannin, ku fara da gyara lissafinku da ƙididdiga, sannan ku turo mini saƙo, zan amsa da zarar na miƙa gyaran, in sha Allahu.