Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Malamin Da Ya Raba Mana Turanci Gida-Gida

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da aka turo mana sabon malamin Turanci muna aji shida, wajen ƙarshen 1983. Makarantarmu tana cikin waɗanda aka buɗe da shirin UPE na 1976, wato shirin ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, kuma a lokacin ƙasar Ringim duk tana cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Azuzuwan bulo ba su ishe mu ba, wasu a gindin darbejiya suke karatu.

Kafin zuwansa hadda kawai muke yi. A rubuta kalma a allo, mu bi da ƙarfi, gobe ta gudu. Shi kuwa da ya zo sai ya ce kalmomin Turanci gidaje gare su, wanda ya san gida ɗaya ya san mutanen cikinsa. Ya fara da gidan "ight". Ya jera night dare, light haske, fight faɗa, right dama ko daidai, tight matsattse, sight gani. Dukansu da sauti ɗaya suke ƙarewa, kuma "gh" ɗin nan ba a furta shi. Mun sha wannan kamar ruwa. Sai gidan "kn": knee gwiwa, knife wuƙa, knot ƙulli, knock ƙwanƙwasa, know sani. Nan ma harafin farko shiru yake.

Wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in ba za a faɗi harafi ba, me ya sa ake wahalar rubuta shi?" Malam bai daka masa tsawa ba. Ya tambaye mu wa ya wuce babbaƙu da farfaru a makarantar allo. Kusan duk muka ɗaga hannu. Ya ce to a cikin "ƙalu" da "amanu", alifin da ke bayan wawun nan, kuna furta shi? Muka ce a'a. Lam ɗin "wash-shamsi" fa? Muka ce ana rubutawa, ba a karantawa. Ya ce to kun riga kun san abin tun kuna wanke allo. Wallahi daga ranar tsoron Turanci ya fita daga raina, domin an nuna mini cewa karatun da na yi gaban alaramma da asuba yana da amfani a cikin ajin boko ma.

Gidan da ya fi ba mu wuya shi ne na "ough". Malam ya ce waɗannan 'yan uba ne, rubutu ɗaya ya haɗa su amma kowa da muryarsa. Rough kaushi, tough tauri, enough abin da ya isa, dukansu da "af" suke ƙarewa. Cough tari da trough komin dabbobi su kuma "of". Dough, kwaɓaɓɓiyar fulawar burodi, "do" kawai ake cewa. Through, ratsawa, ta ƙare da "u". Bought da brought, saya da kawowa, wani sautin daban. Ya bar biyu a ƙarshe, ya rubuta su da manyan baƙaƙe: plough da drought. Garma da fari.

Ajin ya yi tsit, saboda a shekarar babu wanda yake bukatar a yi masa bayanin fari. Daminar 1983 ta yanke tun gero bai cika ido ba, ta 1984 ma ba ta gyara ba. Rumbunanmu ba su kai rabi ba. Mutane suna kora shanun huɗa zuwa kasuwar Gujungu suna sayarwa da arha don su sayi hatsi, samari da yawa sun tafi cirani tun kafin lokaci. Malam ya sa kowa ya haɗa jimla da kalmomin nan daga abin da ke faruwa a gidansu. Na rubuta cewa babana ya sayar da sa ɗaya saboda fari, garmarmu tana jingine. Ya gyara mini kalma biyu, ya daɗe yana kallon littafin, sannan ya miƙo mini.

Da daddare ina bitar su a gaban aci-balbal, kakata ta ce, "Maigidana, wane irin karatu ne wannan, sai ka ce mai tari?" Na ce, "Iya, ai tarin ma yana ciki." Ta sa na faɗa mata ma'anar kowace. Da na zo kan fari sai ta ce ashe su ma Turawa Allah yana jarrabarsu da shi. Baba yana gefe a kan buzu, bai ce komai ba, amma washegari da kawuna ya kawo maganar a cire ni a tura ni Kano tallan ruwa kamar sauran yara, ya ce a bar yaron nan ya ƙarasa.

Sai bayan na girma na san dalilin haruffan nan marasa murya. A da can Turawan Ingila suna furta su. "Gh" sauti ne na maƙogwaro mai kama da harafin "kha" na Larabci, shi ya sa har yau Bajamushe yake cewa Nacht da Licht a inda Bature yake cewa night da light. "K" ɗin knee ma ana faɗinsa. Da William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa. Mutanen Amurka sun rage wa kansu aiki a wasu wuraren, garma plow suke rubuta ta.

Malam ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa ya sa ilimin da ya ba mu ya zame masa sadaka mai gudana. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin jarrabawar shiga sakandare, da yadda aka yi har aka samu kuɗin hoton fasfo a cikin wannan yunwa.